Gajeriyar Filta

Bahago na ƙarƙashin wata mota yana fama da noti ɗaya da ya ƙi kwancewa a jikin salansa, sai ya ji an damƙi ƙafafunsa biyu an finciko shi waje. Bayansa ya gurje a kan tsakuwa, sifana ta suɓuce masa. Kafin idonsa ya saba da hasken hantsi, wani ƙarfe ya sauka a bakinsa. Ya ji ƙas, ya tofar da yawu, sai ga rabin haƙori cikin jini.

"Ka san wannan?"

Mai Ƙanƙara ne tsaye a kansa, mutumin da ke kai wa masu kifi da masu lemo ƙanƙara, wanda Bahago ya shekara shida yana gyara wa mota. Rigarsa ta ƙone daga kafaɗa, gashin hannunsa ya babbake, warin hayaƙi na tashi daga jikinsa. Masu dakonsa biyu na bayansa, ɗaya riƙe da ƙugiyar ƙarfen da suke jan ƙanƙara da ita. Abin da aka doki Bahago da shi kuwa yana hannun Mai Ƙanƙara. Filtar mai ce, gajeriya, shuɗiya, ta lotse ta gefe ɗaya.

Bahago ya san ta sarai. Kwana uku ke nan da ya ɗaura ta da hannunsa.

Motar Mai Ƙanƙara tsohuwar a-kori-kura ce da ya gada daga mahaifinsa. 'Yan garejin Kaka suke ce mata, don ta girmi rabinsu. In ta shigo tana tari, sai su miƙe su ce, "Sannu da zuwa, Kaka, ya ciwon ƙafa?" Amma injinta garau yake, muddin an ba shi abin da ya saba: baƙin mai mai kauri, da doguwar filta irin ta da. A duk layin masu kayan gyaran mota, shago ɗaya ne ke ajiye irinta. Shagon surukin Bahago ne, wani dattijo da ake kira Mai Tabarau. 'Yarsa ta ƙarshe, Auta, ita Bahago ke aure, 'ya'yansu uku, kuma ita ke taya uban zaman shago in yara sun tafi makaranta.

Ranar da aka kawo Kaka juyen mai, Mai Ƙanƙara ya ce kafin rana ta take yake son motarsa, masu kifi ba sa jira. Bahago ya tsiyaye tsohon mai. Tsohuwar filtar ta kafe, sai da ya huda ta da sukudireba ya murɗo ta, don haka ba damar mayar da ita. Ya goge hannu ya nufi shagon surukinsa.

"Baba, barka da hantsi. Filtar Kaka nake so."

"Ta ƙare, ɗana. Jibi za a kawo."

Bahago ya sosa ƙeya. Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wata gajeriya shuɗiya. "Wannan fa? Na taɓa gwada ta, tana shiga."

Dattijon ya zame tabarau zuwa kan hanci. "Ni ma ina shiga wandon ƙato. Amma in gudu ya kama ni, a hanya zai bar ni. Kawo ta nan."

Ya jawo wata tsohuwar doguwar filta da yake ajiyewa don gwaji, ya kifar da su biyun a kan tebur, bakinsu na kallon sama.

"Duba haƙoran da ake murɗawa. Ramin wannan gajeriyar ya fi na doguwar faɗi da ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya gani. Za ka murɗa ta shiga, har ka ji kamar ta ɗaure, alhali bakin haƙoran kawai ta kama. Ga robar bakinta, ita ma ba daidai take da mazaunin ba. Kaka kuma mai mai kauri take sha, da ƙarfi famfo ke tura shi. Ranar da ta ɗauki kaya ta kama hawa, wannan gajeriyar tsalle za ta yi ta bar injin. Tsohon inji ba a yi masa 'ai duk ɗaya ne'. Lambar da aka rubuta masa za ka nema. In babu, ka jira."

Auta ta leƙo daga bayan kanta tana dariya. "Baba, kana ɓata bakinka. Mutumin da ke ɗaure noti da hagu, ai duk abin da ya juya masa ya yi."

Suka yi dariya har da Bahago. Da dariyar ta lafa, ya ce, "To ba ni ita hakanan. Akwai wata ƙaramar mota da ke jira, ita zan sa wa."

Mai Tabarau ya ɗan jima yana kallonsa ta saman gilashi, sannan ya tura masa filtar.

Babu wata ƙaramar mota. Bahago ya koma gareji ya murɗa gajeriyar a jikin Kaka, ya ƙara mata ƙarfi, ya zuba sabon mai, ya tayar da inji. Ko ɗigo bai gani ba. Ya ce a ransa jibi in doguwar ta zo zai kira mai motar ya canja. Jibi ta zo, aiki ya yi masa yawa, bai kira ba.

Yanzu ga ta a hannun Mai Ƙanƙara da jininsa a jiki.

"Na ce ka san ta?"

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, me ya faru?"

Mai Ƙanƙara ya take masa ƙirji da ƙafa ɗaya.

"A hawan gada ta fice. Mai ya feshe kan salansa, wuta ta kama. Ƙanena ne ke tuƙi. Ya sauka ya ɗaga bonet wai zai ceci motar babanmu, wutar ta yi masa maraba a fuska. Da ƙanƙara muka kashe wutar da ke jikinsa. Da ƙanƙarar sayarwa! Da muka zo cire masa riga, fatar hannunsa ta biyo rigar. Yana asibiti yanzu yana kiran uwarmu da ta shekara goma a ƙasa. Wannan kuma a tsakiyar titi na tsince ta, haƙoranta a shafe. Kai ka ɗaura ta ko ba kai ba?"

Bai jira amsa ba. Ya sake ɗaga filtar ya sauke a goshin Bahago, fata ta dare, jini ya rufe masa ido ɗaya. Sauran kanikawa suka taso, mai fenti na cewa a tsaya a yi magana. Mai riƙe da ƙugiya ya wulwula ta sau ɗaya, ta wuce da iska dab da wuyan mai fentin, kowa ya ja da baya.

A gefen rumfar garejin akwai babban daron da ake tara tsohon baƙin mai. Suka ja Bahago kamar buhu zuwa bakinsa. Ɗayan mai dakon ya murɗe masa hannu ta baya, Mai Ƙanƙara ya cafki ƙeyarsa ya danna kansa ciki.

Duhu ya rufe shi. Mai ya shiga hancinsa, ya shiga kunnensa, ya shiga inda fatar ta dare kamar an zuba barkono. Ya yi ta shure-shure. Suka ɗago shi ya ja numfashi rabi, suka sake dannawa. A karo na biyu ya haɗiya. A karo na uku ƙirjinsa ya fara tsagewa, ya tabbata a cikin daron nan zai mutu. Da suka ɗago shi, bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ba ni ba ne! Abin da aka ba ni na ɗaura! A shago aka ce ita ce daidai!"

"Wane shago?"

Bahago ya duƙa yana amai baƙi. Ba sai ya faɗa ba.

"Na surukinsa mana," in ji mai ƙugiya. "A can yake sayen komai."

Suka tashe shi tsaye da wuyan riga suka tasa shi gaba. Tsakanin garejin da layin masu kayan gyara ba nisa, a wuce masu faci, a wuce masu batir, a sha kwana ɗaya. Mutane suka biyo su, ana ta tambayar ɓarawo ne ko me. Bahago na tafiya yana tangaɗi, mai na ɗiga daga gemunsa. A ransa yana cewa da zarar sun isa zai faɗi gaskiya. A gaban masu faci ya ce bari a kai wajen masu batir. A wajen masu batir ya buɗe baki, mai ƙugiya ya zungure shi a haƙarƙari, ya rufe.

Shagon Mai Tabarau siriri ne mai zurfi, kantoci har rufi, fanbel na reto daga ƙusoshi, ga tebur mai gilashi a bakin ƙofa inda ake jera filogi da ƙananan kaya. Dattijon na zaune a bayan teburin yana ware wasu notuna cikin gwangwani. Auta na kan tsani tana shirya kwalaye.

Mai Ƙanƙara ya buga filtar a kan teburin, gilashin ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Kai tsoho, kai ka sayar da wannan?"

Mai Tabarau ya ɗauke ta ya juya, ya leƙa ramin, ya shafa shafaffun haƙoran da babban yatsa. "Daga shagona ta fita."

"Kai ka ce masa ita ce daidai da motata?"

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi wanda aka riƙe a bakin ƙofa. Da ƙyar ya gane mijin 'yarsa, baƙi ƙirin daga kai har ƙirji, ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe. Ya dubi ƙugiyar da ke hannun mai dakon. Ya sake duban Bahago. Bahago ya sunkuyar da kai.

"Zauna, ɗana," dattijon ya ce wa Mai Ƙanƙara a hankali. "Faɗa mini wanda ya ji ciwo."

Marin da ya sauka a kuncinsa ya juyar da shi daga kan kujera.

Auta ta diro daga tsani. "Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Ina nan tsaye Baba ya..."

"Auta, rufe mini baki!"

Tunda aka haife ta uban bai taɓa daka mata tsawa irin wannan ba. Ta tsaya baki buɗe. Dattijon ya dafa kanta ya miƙe, ya gyara tabarau da ya karkace.

"Na ce daga shagona ta fita. Abin da za ka yi, ka yi da ni."

Mai Ƙanƙara ya tsallake teburin. Da filtar ya kai masa duka a fuska, daidai kan gilashin ido na dama. Gilashin ya tarwatse ciki. Dattijon ya yi wata ƙara da Bahago bai taɓa jin irinta daga bakin babban mutum ba, ya dafe idon, jini na bin tsakanin yatsunsa. Masu dakon suka saki Bahago suka faɗa shagon. Ɗaya ya saƙala ƙugiya a kanta ya ja, ta rufto da duk abin da ke kanta, kwalaye da ƙarafa da galan-galan na mai. Ɗayan ya ɗaga kujera ya ƙarasa gilashin tebur.

Auta ta rarumi wata shakazoba daga ƙasa, ƙarfe mai tsawon hannu da nauyin tsiya. Ta ɗaga da hannu biyu ta sauke a bayan kan mai kujerar. Ya durƙusa, ya kifa da fuska cikin fasassun gilasai. Mai ƙugiya ya juyo ya damƙi gashinta ta cikin ɗankwali, ya yi jifa da ita, bayanta ya bugi tsani, ita da tsanin suka zube tare.

Daga inda take kwance ta hango mijinta.

"Baban yara! Ka yi magana! Kana tsaye kana kallo za su kashe mini uba? Ka faɗa musu!"

Yana tsaye. Babu wanda ke riƙe da shi yanzu. Bayansa titi ne, mutane sun cika amma an bar 'yar hanya ta gefen kwata, in ya bi ta babu mai tare shi. Ƙafafunsa har sun juya. Ya ji ɗanɗanon man daron nan a maƙogwaronsa, ya ji yadda ƙirjinsa ya yi a karo na uku, jikinsa duka ya ce masa tafi.

A cikin shagon, surukinsa na rarrafe a kan gwiwa, hannu ɗaya a ido, ɗayan na lalube cikin notunan da suka watse, yana neman tabarau da babu sauran amfaninsa. Mai Ƙanƙara ya shure shi a ciki. Dattijon ya faɗi ta gefe. Ya sake shurinsa, wannan karon a haƙarƙari, aka ji ƙas har waje. Wata mata a cikin taron ta sa salati.

"Ni ne," in ji Bahago.

Ko shi bai ji kansa ba. Ya duba ƙasa ya ga guduma ta faɗo har bakin ƙofa. Ya ɗauka ya maka wa ƙyauren ƙarfen shagon, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har layin duka ya amsa. Komai ya tsaya.

"Ni ne! Baba ya hana ni! Ya ce ba tata ba ce, ya ce in jira jibi. Na ce masa ta wata mota ce. Ƙarya na yi masa, ƙarya na yi muku. Ni na ɗaura ta ina sane!"

Ya saki gudumar.

Mai Ƙanƙara ya juyo yana haki. Ya dubi dattijon da ke naɗe a ƙasa. Ya dubi hannunsa. Fuskarsa ta canja, kamar wanda aka tasa daga barci da ruwan sanyi, sannan ta sake haɗewa fiye da da.

"Sake faɗa."

"Ni ne."

"Ka bari na..." Bai ƙarasa ba. Ya tako a hankali har gaban Bahago. "Da wane hannu ka ɗaura ta?"



"Ai sunansa ya faɗa maka," in ji mai ƙugiya.

Suka kayar da shi a bakin ƙofa. Mai ƙugiya ya hau bayansa ya danne wuyansa da gwiwa, ya miƙar da hannun hagun a kan dakalin siminti. Bahago bai yi kokawa ba. Mai Ƙanƙara ya ɗauki gudumar da ya yar. Dukan farko ya sauka a bayan hannun. Na biyu a kan yatsu. Bahago ya ji ƙasusuwan na rugujewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana taka busasshen kara, ya yi ihu har muryarsa ta ɗauke. Daga cikin shagon dattijon na cewa, "Ya isa, ɗana, ya isa," amma murya ba ta fita sosai.

Kafin na uku ya sauka, maƙwabtan shagon suka farka daga kallon da suka tsaya yi. Mai sayar da taya ne ya fara, ya zabga wa mai ƙugiya ƙarfen cire taya a kafaɗa, sai layin duka ya rufto. Masu batir, masu fitila, har da mai shayin bakin kwana da ludayinsa. Aka yi ta dukan masu dakon, na kwance da na tsaye, da duk abin da hannu ya samu. Wani ya fasa wa Mai Ƙanƙara kai da kwalba. Bai rama ba, bai gudu ba. Ya zauna daɓas a bakin kwata, jini na bin wuyansa, ya rufe fuska da hannuwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. A haka 'yan sanda suka same shi.

Asibiti ɗaya aka kai su, ɗaki ɗaya, dogo mai gadaje goma sha biyu. Gadon Bahago na kusa da na surukinsa. Likita ya ce idon dama na dattijon ya tafi, haƙarƙari uku sun karye. Hannun Bahago kuwa sai da aka shiga da shi tiyata aka haɗa da ƙananan ƙarafa. A can ƙarshen ɗakin, bayan labule, ƙanen Mai Ƙanƙara ne kwance, an naɗe shi da bandeji daga kai har gwiwar hannu. Kowace safiya in ma'aikatan jinya suka zo canja masa bandeji, ɗakin duka kan yi tsit, ana jin ihunsa. Bahago kan juya fuska bango ya cusa bargo a baki.

Auta na zuwa sau biyu a rana, tana ɗingishi saboda bayanta. Takan zauna a gefen uban ta ba shi abinci a baki, ta goge masa gemu. Kwanon mijinta takan ajiye a kan durowa ba tare da ta dube shi ba. In ya ce, "Sannu, ya yara?" sai ta ce wa uban, "Baba, ƙara ko cokali ɗaya ne."

Rana ta huɗu, bayan ta fita, Bahago ya yi ta maza.

"Baba."

"Na'am."

"Me ya sa ka yi shiru? Kalma ɗaya za ka faɗa su bar ka."

Dattijon ya juyo gare shi a hankali. Numfashi ma da dabara yake ja.

"Na ga ƙugiyar nan, na ga idon mutumin. Da na faɗa a lokacin, gawarka za a ɗauka a ƙofar shagona. Jikokina uku ne a gidanka." Ya yi tari, ya dafe gefe. "Kada ka ɗauka don kai na yi."

"Ka yafe mini, Baba."

"Tsaya tukuna, ban gama ba. Ranar da ka ce akwai wata ƙaramar mota, na san babu. A idonka na gani. Kunyar in ƙaryata mijin 'yata a gabanta ce ta sa na tura maka. Shekara arba'in ina hana mutane abin da bai dace da injinsu ba, ranar nan na ji kunya." Ya nuna labulen ƙarshen ɗaki da haɓa. "Wancan yaron, da hannuna a ciki. In yafiya kake nema, daga can za ka fara. Ni ma in na iya tashi can zan je."

Bahago ya sauko daga gado a ranar, hannu rataye a wuya, ya taka har bakin labulen. Ya tsaya ya kai minti goma. Da ya shiga, ido biyu kawai ya gani cikin farin bandeji. Ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Idanun suka tsaya a kansa, sannan suka juya wajen taga. Wata 'yar'uwarsu da ke jinya ta tashi ta nuna masa hanya.

Da 'yan sanda suka zo ɗaukar bayani, ya maimaita musu yadda ya faɗa a ƙofar shago. Mai Ƙanƙara da masu dakonsa suka yi watanni a tsare. Mai Tabarau ya aika aka gaya wa alƙali shi ya yafe nasa, amma aka ce ido ba abin da ake sharewa da baki ba ne. Ƙanen ya tashi, da tabo har wuya da yatsu uku a manne, bai sake tuƙi ba. Kaka kuwa ta yi sati biyu a gefen gada, ƙurmus, kafin masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta su kwashe.

Yatsu biyu na hannun Bahago ba su sake lanƙwasawa ba. Ya koma gareji yana koyon riƙe sifana da dama kamar sabon shiga, aikin awa ɗaya ya kai shi yini. Rabin masu kawo masa mota suka sauya wuri. 'Yan garejin ba su kore shi ba, amma an daina jansa da wasa.

Auta ta yi wata biyu a gidan ubanta tare da yaran. Dattijon ne ya matsa mata ta koma. Ta koma, tana dafa abinci, tana wanki, tana amsa gaisuwa. Shagon kuma ya dawo hannunta gaba ɗaya, don uban ba ya iya karanta ƙananan lambobi da ido ɗaya. Sai dai ya zauna a benci a bakin ƙofa, in an kawo tsohon kaya ya shafa da yatsa ya faɗi na wace mota ne.

Wata ranar Talata Bahago ya zo shagon, karo na farko tun ranar. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, sannan ya matsa gaban sabon teburin katako da aka sa a madadin mai gilashin.

"Filogi huɗu nake so."

Auta na rubuta lamba a jikin wani kwali. Ba ta ɗago ba.

"Babu."

Kwalin filogin na bayanta, a buɗe, cike.

"Auta," in ji dattijon daga benci, "ki ba shi mana."

"Baba, a gida mijina ne, ba abin da zai nema in hana shi. A nan ban san motar da zai sa wa ba."

Bahago ya ɗan tsaya, ko za ta ɗago. Wani direba ya shigo yana tambayar fanbel, ta ajiye alƙalami ta tambaye shi shekarar motar da girman injin. Bahago ya yi wa surukinsa sallama, ya bi layin har ƙarshe, ya tsallaka titi zuwa shagunan da ke ɗaya ɓangaren, inda ba a san shi ba.